Tsohon Mariƙi, Sabon Gashi

A Amurka da Ingila akwai mutanen da abin da ke ɗebe musu kewa ranar hutu shi ne gyaran tsofaffin burushin aski. Burushin da muke nufi shi ne ɗan guntun nan mai dunƙulallen mariƙi da tulin gashi a ka, wanda ake tsomawa a ruwa a murza kan sabulu har ya yi kumfa, a shafa a fuska kafin a sa aska. Dattawanmu sun san shi sarai, ko da yake zuwan kilifa ya kore shi daga yawancin shagunan aski. To su waɗannan mutane sai su bi kasuwannin gwanjo da shagunan intanet irin su eBay, suna tsintar wanda ya shekara 70 ko 90, gashinsa ya zube, mariƙin ya yi dauɗa, su saya su zauna su tashe shi.

Wani zai ce ai wannan aikin wanda ya ci ya ƙoshi ne. Ba mu musa ba. Amma a cikin wasan nasu akwai tambayar da ta shafi duk mai sana'ar hannu a nan Sabo, tun daga mai gyaran takalmi har mai gyaran waya: in ka gyara tsohon abu, me ya rage na tsohon, kuma me ya wajaba ka gaya wa wanda zai karɓa daga hannunka?

Aikin kansa ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. A datse ragowar gashin da almakashi, a sa injin huda a ƙwaƙule tsohon gam ɗin da ke cikin ramin, a wanke mariƙin a goge shi. Sai a auna faɗin ramin da milimita, galibi tsakanin 20 da 26, a sayo sabon ƙullin gashi daidai da shi, a liƙa da gam mai ƙarfi. In ramin ya yi zurfi, wasu sukan jefa kwabo ɗaya ko biyu a ƙasa don gashin ya ɗago. Shi ke nan, burushi ya koma bakin aiki.

To ga inda maganar take. Burushi abu biyu ne kawai, mariƙi da gashi. Sunan kamfani a jikin mariƙi yake, amma gashin ne ke yin aikin. Akwai kamfanonin da sunansu kaɗai kan sa farashi ya hau, kamar Kent na Ingila da aka kafa a 1777, da Simpson da ya fara a Landan a 1919, da Ever-Ready da Rubberset na Amurka. In aka cire gashin da ma'aikatan Simpson suka ɗaure da hannunsu, aka sa wanda aka sayo jiya daga wata masana'anta a ƙasar Sin, shin abin da ke hannunka Simpson ne har yanzu? Tsoffin Girkawa sun yi irin wannan gardama a kan jirgin ruwan Tesiyas, wanda mutanen Atina suka riƙa cire masa ruɓaɓɓun katakai suna sa sababbi, har masana suka rabu biyu, wasu na cewa shi ne, wasu na cewa wani ne daban. Su dai ba sayar da jirgin za su yi ba, shi ya sa suke da lokacin gardama. Mu 'yan kasuwa ne. A wajenmu tambayar ba ta zama mai nauyi sai lokacin da kuɗi za su fita daga aljihun wani.

A ganinmu sunan da ke jikin mariƙi alkawari ne. Yana gaya wa mai saye cewa gashin nan ma daga can ya fito. In ka canza gashin ka bar sunan, ka kuma yi shiru, to sunan ne zai yi ƙaryar a madadinka, kai kana gefe kana murmushi. Su masu wannan sha'awa sun gane haka, don al'adarsu ce in za su sayar su faɗa cewa an sake gashi, ga irinsa, ga faɗinsa. Wanda ya ɓoye kuwa in asirinsa ya tonu, sunansa ya ɓaci a cikinsu.

Mun san amsar da ake ba mu a kasuwa. "Ni ban ce masa na asali ba ne, shi ne bai tambaya ba." Haka ake cewa kan wayar da aka sake wa gilashi, da janareton da aka sake wa naɗin waya, da motar tokumbo da aka yi wa fenti bayan haɗari. Akwai ma amsar da ta fi wannan ƙarfi, kuma ya kamata mu saurare ta da adalci: malamai sun hana ɓoye aibin kaya, amma gyara ai ba aibi ba ne. Sau da yawa sabon gashin ya fi tsohon laushi da ƙarko. In na ba mutum abin da ya fi wanda yake zato, ina cutar?

Cutar tana nan: ba ka san dalilin da ya sa yake saye ba. Kai ka yanke masa hukuncin abin da ya fi masa, alhali kuɗinsa ne kuma fuskarsa ce. Ku duba zancen gashin kansa. Burushin aski iri huɗu aka fi sani: na gashin wata dabbar daji dangin dage, wanda shi ne mai tsada, da na gashin doki, da na roba, da na gashin alade, wanda yake da araha kuma ya cika kasuwa. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, gashin da aka yanke ba tugewa aka yi ba ana ɗaukarsa mai tsarki ko da na alade ne. Shafi'iyya kuwa sun ce najasa ne. Wannan fagen malamai ne, a kai musu. Amma ko da malam ya ce ba laifi, akwai da yawa a cikinmu da ransu ba zai taɓa kwanciya ba in suka ji abin da aka shafa musu a gemu ranar Juma'a kafin masallaci. Mai gyaran da ya sa wa irin wannan mutum gashin alade don ya fi yin kumfa, ya yi shiru, bai ba shi abin da ya fi ba. Ya ƙwace masa zaɓi ne.

Wani lokacin ma faɗin gaskiyar tallar kaya ce. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya, tsakanin 1914 da 1918, gashin dabbar nan mai tsada ya yi wuyar samu, sai aka riƙa haɗa burushi da gashin doki da ba a tsabtace shi sosai ba, har sojoji da farar hula a Ingila da Amurka suka kamu da cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, ta ƙananan yankan aska. Masu harkar shanu da fata a cikinmu ba su manta da faɗakarwar da aka yi a 2023 ba, da cutar ta ɓulla a wata gona a Suleja. A 2017 wata mujallar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ja hankalin masu sayen tsofaffin burushi, musamman waɗanda aka yi kafin 1930. Kun ga ke nan wanda ya ce "na sake gashin" kwanciyar hankali ya sayar maka.

Sai kuma ɗaya gefen, wato wuce gona da iri. Yawancin tsofaffin mariƙan nan an yi su ne da wata irin roba mai tauri ta farkon ƙarni na 20. Wasu farare ne fat lokacin da suka fito daga masana'anta, amma hasken rana na shekaru ya rine su suka koma ruwan zuma. Launin a fatar sama kawai yake. Sabon shiga in ya samu samfefa sai ya dirje shi har farin ya dawo, yana murna, bai san ya kankare shekara 80 cikin minti 20 ba, wani lokacin har da rubutun sunan kamfanin. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ƙwararru a cikinsu sukan bambanta abin da ke hana aiki da abin da ke nuna shekaru kawai. Tsagar da ruwa zai shiga a toshe ta. Launin zumar a bar shi, ba datti ba ne. Wannan ma wata gaskiyar ce da mai gyara ke riƙe da ita: kada ya sa tsoho ya yi da'awar ƙuruciya.

To in ba sayarwa za ka yi ba fa? In na kakanka ne, ka tsinto shi a ƙasan adaka? Nan kam sai mu ce ka sake gashin ka yi aski da shi, ka kira shi burushin kaka ba tare da wani ɗar ba, tunda kai ka san abin da ka canza kuma ba wanda ka ruɗa. Mu da ke zaune a unguwar da aka kafa tun 1916, da wuya a nuna mana ɗakin da bai ga sabon rufi ko sabon bulo ba, ba kuma ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka fara sauka da goro da shanu da ya rage, amma ba mu taɓa jin wanda ya ce ba Sabo ba ce. Mariƙin da tafin hannun kaka ya goge har ya yi santsi yana nan. Gashin kuwa da ma ba a yi shi don ya dawwama ba. Shi kakan ma da ya daɗe da ya canza shi.

Abin da zai rage maka shi ne ranar da za ka miƙa wa ɗanka. Ka gaya masa shekarar da ka sake gashin da irin wanda ka sa. In ma ka manta, kwabon da ka jefa a ramin yana ɗauke da shekarar da aka buga shi, kuma duk wanda ya ƙwaƙule gam ɗin nan gaba zai same shi a wurin.