Fitila Ta Isa, Ko Kuwa Sai Rana?

Akwai wata tambaya da takan dami masu bi, ko da yake ba kullum muke furta ta a gaban jama'a ba. Idan Allah haske ne, kamar yadda Yohanna ya shaida cikin wasiƙarsa ta fari, don me ya bar mu ba mu san abin da gobe za ta haifa ba? Ga uwa zaune kusa da ɗanta marar lafiya, ba ta san ko zai kai safiya ba. Ina hasken yake?

Bari mu duba Zabura 119:105. Mai zabura bai kamanta maganar Allah da rana ba, da fitila ya kamanta ta. Fitilar wancan zamani kuwa ɗan kasko ne na yumɓu, da man zaitun da lagwani, 'yar'uwar aci-balbal ɗinmu. Wanda ya taɓa komowa daga addu'ar dare ta hanyar gona ya san iyakar irin wannan haske. Ba ya nuna masa ƙofar gidansa daga nesa, amma yana nuna masa rami, da kububuwar da ta kwanta bisa turba. In ya tsaya yana jira a haskaka masa dukan hanya, nan zai kwana. Sai ya taka, kana hasken ya matsa gaba.

Haka Ubangiji ya bi da Isra'ila cikin jeji shekara 40, da girgije da rana, da al'amudin wuta da dare. Littafin Ƙidaya sura 9 ya nuna mana girgijen yakan tsaya kwana biyu, ko wata guda, ko fiye, ba kuwa wanda aka gaya masa ranar tashi tun da wuri.

Wani zai ce, ashe laifi ne mutum ya yi tunanin gobe? Ko kaɗan. Manomi yakan ajiye iri, Yusufu ma ya tara hatsin shekara 7 a Masar. Laifin yana wani wuri dabam. Ishaya 50:10-11 ya raba mutum biyu, dukansu cikin duhu: ɗaya ya jingina ga Allahnsa, ɗaya kuwa ya hura wutar kansa domin ya yi tafiya cikin haskenta. Mun sani akwai waɗansu cikinmu, safiyar Lahadi suna sujada, da dare kuma suna wurin mai duba. Ba domin mu kunyata su muke faɗi ba, gama tsoro ne ya kai su, mu ma mun san tsoro.

Amma mu tuna da sarki Saul. Sa'ad da Ubangiji ya yi masa shiru, ya ɓad da kama, ya tafi Endor da dare wurin mace mai kiran matattu. Ya sami abin da ya je nema: aka gaya masa gobe shi da 'ya'yansa za su mutu. Sanin nan ya ƙara masa ƙarfi? Faɗuwa ya yi ƙasa warwas, bai kuwa tsira a dutsen Gilbowa ba.

Da Yesu ya kira kansa hasken duniya cikin haikali (Yohanna 8:12), ga mai binsa ya yi alkawarin, ba ga mai kallo daga nesa ba. Saboda haka ba mu da ikon ce wa uwar nan lalle ɗanta zai tashi, gama ba a nuna mana ba. Abin da aka nuna mana a daren nan shi ne hanyar gidanta. Mu ɗauki fitila mu je, mu taimake ta kai yaron asibiti, mu zauna tare da ita muna addu'a har gari ya waye.