Ka Bar Wa Itace Wuri a Gidanka

Karatu: Farawa 2:8-15, 18:1-10



Mazauni na fari da Allah ya shirya wa mutum lambu ne, mai itatuwa da ruwa. Ya sa Adamu a ciki, ya danƙa masa amanar aikinsa da tsaronsa. Wannan amana tana wuyanmu har yau.

Bari in faɗa muku laifina. A gidanmu nan Sotouboua akwai wani babban mangwaro a tsakar gida. Wata shekara na sare shi domin in gina ɗakin haya, sauran filin kuma na shafe da siminti. Kuɗin haya ya shigo, na yi murna. Amma da watan Maris ya zo, kwano ya ɗauki zafi, ɗaki ba ya zaunuwa, waje kuma babu inuwa. Yara suka koma wasa a bakin titi. Maƙwabtan da sukan zo su taya uwargida ɓarar gyaɗa suka ɗauke ƙafa. Cikinsu akwai wata tsohuwa da takan saurara in muna addu'ar yamma. Ba ta ƙara zama tare da mu ba. Ashe da na sa gatari a gindin mangwaron nan, har da zumunci na sare.

Ku tuna da Ibrahim a Mamre. Da tsakar rana baƙi uku suka zo, ya saukar da su a gindin itace, ya kawo musu ruwa da abinci. A wannan inuwa ce aka ƙara tabbatar masa cewa Saratu za ta haifi ɗa. In baƙo ya zo gidanka da rana tsaka, ina za ka shimfiɗa masa tabarma?

Tun shekarar 1977 ƙasarmu Togo ta keɓe ranar 1 ga Yuni domin dashen itatuwa. Ga kuma dajin Fazao-Malfakassa a yamma da mu, wanda aka keɓe a 1975. Duk da haka, wanda ya bi hanya daga nan zuwa Sokode yana ganin buhunan gawayi jere a gefen titi, wanda ya kai Dapaong kuwa ya san zafin wurin da inuwa ta yi ƙaranci. Daji yana da masu gadinsa. Tsakar gidanka fa, kai ne mai gadinta.

Ɗan'uwa, kafin magini ya ja igiya, ka zaɓi wurin itace. Ka dasa shi ta yamma domin ya tare ranar la'asar, nesa kaɗan da tushen gini. Ka buɗe tagogi masu fuskantar juna domin iska ta ratsa. Kada ka rufe ƙasa duka da siminti, ka bar inda ruwan sama zai nutse. 'Yar'uwa, ruwan wanke-wanke ya isa ya rayar da zogale. Dattawan ikilisiya, in kun sami fili, ku dasa itatuwa tun kafin ku tara kuɗin katanga.

Ni ma na fasa simintin, na dasa wani. Jikokina ne za su sha inuwarsa sosai. Birnin da muke sauraro ma, bisa ga Wahayin Yahaya sura 22, yana da kogi da itacen rai a cikinsa.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana inda muka ɓata abin da ka ba mu amana. Ka sa gidajenmu su zama wurin hutawa ga iyali da baƙo, cikin sunan Yesu. Amin.