Jikinka Ajiya Ne: Magana Ga Sabon Mai-bi

Ya ɗan'uwa, tun da ka shiga hanyar Ubangiji an koya maka tsaron harshe da tsaron zuciya. Akwai wata ajiya kuma da aka sa a hannunka, ita ce jikinka. Da shi za ka ciyad da iyalinka, da shi za ka tafi gaida mara-lafiya. In ka bar shi ya lalace da yawan zama, wa za ya ɗauki kayan nan dominka?

Kakanninka ba su bukaci gargaɗin nan ba, gama noma da daka da ɗiban ruwa sun ishe su. Amma tela, da akawu, da mai-tsaron kanti su kan wuni a zaune, da yamma babur ya kai su gida. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya bayyana abin da ya gani wurin ma'aikatan motocin Landan masu bene. Direba ya na zaune dukan yini, kwandasta kuwa ya na hawa ya na sauka domin karɓan kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi kashe su farat ɗaya. Ka lura, kwandastan nan bai keɓe wata sa'a domin motsa jiki ba. Motsin ya na cikin aikinsa, ba shi da halin mantawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawararta ta 2020, ta ce baligi ya na bukatar motsi na minti 150 zuwa 300 kowane mako, irin tafiya da sauri wadda ta ke ƙara numfashi amma ba ta hana magana. Minti 30 ke nan, kwana 5, ga mafi ƙaranci. Da yawa su kan ji wannan su ce, "Daga gobe zan fara," mako bai cika ba sun bari. Ba kullum ragonci ne ba. Niyyarsu ce ba ta sami mazauni cikin yini ba. Duman da aka shuka a fili ya kan yi ta jan ƙasa, amma na gindin danga ya kan kama ya hau.

Saboda haka ka nemi dangarka, watau abin da ba ka fasa yinsa kowace rana. Ka ce wa ranka, "In na gama addu'ar safe, zan tsuguna in miƙe sau 10." Ko kuwa, "In na wanke hannu bayan tuwon dare, zan zaga unguwa minti 10," gama tafiya bayan cin abinci ta na rage hawan sukari cikin jini. Ke kuma, 'yar'uwa, in makarantar yara ba ta da nisa, ki raka su da ƙafa, ki komo da sauri. Amma ka gama addu'a tukuna, kada ka gajarta ta domin gaggawa. Dangar da aka raunana ba za ta riƙe kome ba. Ka ɗauki abu guda kaɗai, ƙarami, sai ya zauna kāna ka ƙara.

Kada kuwa ka yi tsammanin za ya zauna da wuri. A 2009 Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka bayyana binciken mutum 96, kowa ya ɗaura sabon aiki ga wani abin da ya saba yi kullum. Tsaka-tsakin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne. Lissafinsu ya nuna na wani 18, na wani har 254. Sun kuma ga fashin rana guda bai rushe sabon ba. Sabon mai-bi ya kan ɗauka tuntuɓe ɗaya ya ɓata dukan tafiya. In baƙo ko zazzaɓi ya hana ka yau, gobe bayan addu'a ka koma wurin da ka tsaya.

In kana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko matarka ta na da juna biyu, a nemi shawarar likita kafin a fara abu mai-ƙarfi. In ƙirjinka ya yi ciwo ko jiri ya ɗebe ka cikin tafiya, ka tsaya nan take, a kai ka asibiti.