Matafiyan da Ba Su Isa Ba: Banu Isra'ila da Hausawan Jazira

Dattawan Hausawa na ƙauyukan Jazira da na gaɓar Shuɗin Nilu, tun daga Wad Madani zuwa Sinnar har Sinja, idan aka tambaye su asalin zamansu a Sudan, da wuya a sami wanda zai ce kakansa ya baro Kano ko Katsina ko Sakkwato domin ya yi noma a bakin wannan kogi. Amsar kusan ɗaya ce: Makka aka nufa, guzuri ya ƙare, aka tsaya neman wani, har rai ya yi halinsa. Waɗansu kuwa hijira ta kawo su, domin bayan da Nasara suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya fuskanci gabas da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara, sa'an nan ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen har suka sauka a garin Shaihu Talha wajen 1906, daga bisani ya kafa garin da ake kira da sunansa har yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe baki suna neman ƙwadago, sai mahajjata suka sami abin da zai tsayar da su shekara guda, shekarar ta zama goma, goma ta zama zuriya.

To, mene ne hukuncin mutumin da ya fita domin Allah, bai kuwa isa inda ya nufa ba? Wannan mas'ala ta girmi Jazira nesa ba kusa ba, kuma babu inda aka shimfiɗa ta a fili kamar cikin ƙissar Banu Isra'ila, wadda littattafan da ke hannun Ahlul Kitabi suka kawo da tafsili, Alƙur'ani mai girma kuma ya maimaita ta a surori da dama.

Mutanen da Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fitar daga Masar sun ga abin da babu wata al'umma da ta gani: teku ya tsage musu, Fir'auna ya nutse a gaban idonsu, an saukar musu da manna da salwa, ruwa ya ɓuɓɓugo musu daga dutse. Duk da haka, sa'ad da suka kai bakin ƙasar alkawari, aka aiki mutum goma sha biyu su leƙo ta, kamar yadda Littafin Ƙidaya ya ba da labari, goma suka komo da tsoron ƙartin mazaunanta da ganuwar biranensu, biyu kaɗai, Yusha'u ɗan Nun da Kalibu, suka ce a shiga. Jama'a suka bi goman, har suka yi shawarar naɗa wani shugaba ya mai da su Masar. Suratul Ma'ida ta ambaci wannan ƙin shiga da abin da ya biyo bayansa, wato shekara arba'in ta ɗimuwa a jeji, har waccan tsara ta ƙare cikin rairayi. Abin lura a nan shi ne, abin da ya hana su isa ba nisan hanya ba ne, ba kuwa ƙarewar guzuri ba, tunda abincinsu daga sama yake zuwa. Zukatansu ne ba su taɓa barin Masar ba; suna cin manna suna begen albasa da kayan lambu na ƙasar da aka bautar da su a cikinta. Wanda ya ga mu'ujiza da idonsa, ya kuma ja da baya ranar da aka buƙaci ya taka ƙafa, ya nuna cewa yawan gani bai isa ya haifar da yaƙini ba.

Amma cikin wannan jeji ɗin ne Annabi Haruna ya rasu, Annabi Musa ma bai taka ƙasar ba. Littafin Yahudu ya ce daga kan Dutsen Nebo ya hango ta, hadisi ingantacce kuma ya zo da cewa ya roƙi Ubangijinsa ya kusantar da shi gare ta gwargwadon jifa da dutse. Ga mutane iri biyu an binne su a hanya ɗaya, ba wanda ya isa a cikinsu, alhali tsakaninsu akwai abin da ke tsakanin sama da ƙasa. Tun kafin su ma Annabi Ibrahim, wanda aka fara yi wa alkawarin, ya ƙare rayuwarsa cikin alfarwa, bai mallaki komai a Kan'ana ba sai filin kabarin da ya saya da azurfa shekel 400 domin matarsa Saratu. Ashe rashin isa kaɗai ba ya yanke wa kowa hukunci. Abin dubawa shi ne inda fuskar mutum take kallo lokacin da ajali ya riske shi.

Da wannan ma'auni, ina ganin zalunci ne a kwatanta kakannin Hausawan Sudan da mutanen ɗimuwa, kamar yadda wasu masu saurin baki kan yi. Mazhabar Malikiyya da suka tashi a kanta tana ganin hajji ya wajaba ga wanda zai iya tafiya a ƙasa, in yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ko da ba shi da abin hawa. Saboda haka suka fito da allura da aska da allo, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, suna aiki suna gaba. Suratun Nisa'i kuwa ta yi bushara ga wanda ya bar gidansa yana mai hijira zuwa ga Allah da ManzonSa mutuwa ta tarar da shi a hanya, cewa ladansa ya tabbata. Tsohon da ya mutu yana tsinkar auduga a Jazira yana ƙulla 'yan kuɗinsa domin jirgin ruwa na tashar Sawakin, fuskarsa gabas take kallo.

Inda mas'alar ta yi tsauri shi ne wajen jikoki. Wani masani ɗan ƙasar Gana, Bawa Yamba, ya zauna a ƙauyukan nan, ya fitar da littafi a 1995 yana bayyana yadda waɗanda aka haifa a Sudan, aka kuma haifi iyayensu a can, har a lokacin suke ɗaukar kansu mahajjata a kan hanya. Akwai kyau cikin wannan, domin yana tsare zuciya daga sakankancewa da duniya; akwai kuma haɗari, domin niyya aikin zuciyar mai ita ce, ba a gadonta kamar gona. A nan ma ƙissar tana da abin faɗa. Ƙabilar Ra'ubainu da ta Gad sun ga makiyaya mai kyau a gabashin Kogin Urdun, suka nemi a bar su su zauna can da garkunansu. Annabi Musa ya yi fushi da farko, yana tsammanin halin iyayensu ne ya dawo, amma da suka ɗauki alkawarin ƙetarewa da makamansu tare da 'yan'uwansu kafin su komo gida, ya yarda musu. An halatta musu zama, aka kuma ɗora musu sharaɗi.

Hukuncin ɗan garin Mai Wurno da na sauran ƙauyukan, a ganina, ke nan. Ya gina gidansa da kyau, ya sa 'ya'yansa karatu, ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasa ba tare da jin kunya ba, domin Sudan ƙasarsa ce, kuma yaƙin da ya ɓarke a 2023 bai bambanta shi da maƙwabcinsa ba sa'ad da ya kori mutane daga Wad Madani da Sinja. Wanda ba shi da iko, shari'a ba ta binsa bashin hajji, bai kuwa kamata ya rayu kamar mai laifi ba. Amma wanda Allah ya hore wa dukiya da lafiya da amincin hanya, ya ci gaba da cewa yana nan tafe shekara bayan shekara, alhali Bahar Maliya kaɗai ta raba ƙasarsa da Jidda, to ya daina fakewa da niyyar kakansa, ya tashi ya sauke faralin da ke wuyansa.