Lissafin Waya da Kunnen Maigida

Ɗana, kai da ka zaɓi sana'ar sassaƙa ƙarfe a ƙasar Yawuri, ka san nauyin da ke wuyanka. Tafkin da madatsar Kainji ta haifar a 1968 shi ne gonar masunta, shi ne hanyar 'yan kasuwa. Daga Yelwa zuwa Wara har Shanga, in sandar farfelar jirgi ta cinye, ko injin ban-ruwan mai albasa ya tsaya, irinku ake nema.

Na san gardamar da ke tsakaninku da iyayen gidanku. Ku kun samo manhajoji irin su FSWizard da G-Wizard, waɗanda aka yi musamman domin injinan da kwamfuta ke sarrafawa, wato CNC: ka sa irin ƙarfe da irin wuƙa, su ba ka saurin juyi da yadda za ka tura. Su kuwa manya cewa suke kunne da ido sun ishe su. Kowa da gaskiyarsa, amma kada ka ɗauki rabi ka bar rabi.

Lissafin nan ya girmi waya. A 1906 Frederick Taylor na Amurka ya gabatar da sakamakon gwajin kimanin shekara 26, ya nuna yadda sauri ke cin wuƙa. A wuƙar HSS, wato ta ƙarfe mai jure saurin yanka, ƙara kashi ɗaya cikin biyar na sauri kan iya mayar da kwananta kusan rubu'i. Don haka ka iya lissafin da kanka. Ƙarfe mai taushi yana son kimanin mita 30 a minti. Ninka 30 da 1000, ka raba da kaurin sandar sau 3.14. Mai milimita 50 za ta ba ka juyi kusan 190 a minti, mai 25 kuma kusan 380. Wanda ya san wannan, ko manhaja ta ba shi shirme zai gane.

To amma akwai abin da waya ba ta sani ba. Ba ta san sandar hannunka daga jari bola ta fito ba, wataƙila tsohon ƙarfen mota ne mai taurin tsiya. Ba ta san injinka ya tsufa yana rawa ba, ko janareto ya fara shaƙewa. Nan ne tsohuwar zuma ke magani. Gwada ƙarfen da magagari tukuna. In ya zame bai kama ba, rage sauri sosai. Fara ƙasa da abin da manhaja ta ce, sannan ka riƙa ƙarawa. In ɓarɓashi ya koma shuɗi a bakin HSS, zafi ya yi yawa. In ka ji kuka ko karkarwa, duba ɗaurinka. Kada kuma tsoro ya sa ka tura wuƙa a hankali fiye da kima, don sai ta daina yanka ta koma goga, ta dakushe.

Ka ajiye littafi kusa da inji. Duk aikin da ya yi kyau, rubuta ƙarfensa, kaurinsa da juyinsa, ka kai wa maigidanka ya duba. Kuma in sandar jirgi ce, auna ta sau biyu kafin ta bar shagonka, domin rayukan mutane za a ɗora mata a tsakiyar ruwa. Allah Ya sa albarka a sana'arka.