Ina Ruwan Zai Bi?

Mahaifina magini ne a Tambuwal. Da tubalin ƙasa ya fara, zamani ya juya ya koma ɗora bulo. Burinsa ɗaya ne tun ina ƙarami: ɗansa ya zama mai riƙe takardar zane, ba mai riƙe shebur ba. Da na kammala digirin farko a fannin zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sai ya ga an kusa isa gida. Saura digiri na biyu a fannin, da aiki a ƙarƙashin ƙwararre, da jarrabawa, sannan hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ta sa sunana a rajista. In babu wannan, ba ni da ikon buga hatimi a kan zane. Sai dai akwai wata ƙofar a gefe, wato digiri na biyu a tsara muhalli, inda ake nazarin magudanai da filaye da itatuwa, da yadda gari ke zama a kan ƙasarsa. Taura biyu ba ta taunuwa, ƙarfin gidanmu kuma na ɗaya ne kawai.

Da ban yi wata-wata ba, in ba don wani gida a Kebbe ba. A wani hutu na zana wa wani ɗan kasuwa gida a filin da ya ci gefen tsohon kududdufi. Garin yana kusa da gulbin Zamfara, na kuma san halin damina a can, don haka na sa aka cike filin da jar ƙasa, aka ɗaga harsashi sosai. Ruwan Agusta ya zo, ko ɗigo bai shiga gidan ba. Amma ruwan da ya saba kwana a kududdufin bai fasa zuwa ba. Ya tarar an rufe masa ƙofa, sai ya karkata gidan wata tsohuwa da ke maƙwabtaka, ya kayar da katangarta, ya jiƙa geron rumbunta. Mai gidan ya kira ni yana yabo. Ita kuwa ba ta ma san sunana ba.

Tun daga ranar tambaya ɗaya ta hana ni sakat: haƙƙin wa ke wuyan mai ilimi, na wanda ya biya shi ko na wanda aikinsa zai shafa? Zanena ba shi da kuskure ko ɗaya a cikin iyakar filin. Laifin yana bayan katanga, inda takardata ta ƙare. Lungu da kwata da inuwar bakin hanya ba su da mai biyan kuɗin zane, saboda na kowa ne, abin kowa kuwa shi ake fara cewa “ina ruwana”.

Magabata ba su bar wannan gefen ba. Ramin da suka haƙi ƙasar gini shi ne ke zama matattarar ruwan unguwa, wato gida da kududdufinsa tare ake haihuwarsu. Ba a sakin indararo ya zuba a bangon maƙwabci. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini bisa mazhabar Malikiyya, inda ya tattauna rigingimun maƙwabta a kan bango da taga da ruwan sama. Magini ne, amma idonsa yana kan tsakanin gidaje.

Ban ce tsara muhalli ya fi zanen gini tsarki ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau ɗalibai na zuwa kallon bakan gizonsa. Francis Kéré na Burkina Faso da makarantar ƙasa ya fara a ƙauyensu Gando, ya kai ga lambar Pritzker a 2022. Kuma na san tsarin gari yakan tsufa a cikin durowar ofis, alhali gida ana ganinsa, ana ci da shi. Wanda ya zaɓi hanyata zai iya ƙarewa ba hatimi, ba albashi mai kauri, ba kuma magudanar da aka haƙa.

Na faɗa wa mahaifina duk wannan wata rana bayan sallar isha'i. Na ce, “Baba, ina tsoron in ba ka kunya.” Ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce, “Wa ya tayar wa tsohuwar katangarta?” Na ce babu kowa. Ya ce, “To, da wannan za mu fara.”

Kwana huɗu muka yi a Kebbe, shi yana ɗora tubali, ni ina kwaɓa ƙasa. Muka kuma haƙa 'yar hanya da ruwa zai bi zuwa abin da ya rage na kududdufin. Da muka dawo na cike takardar neman gurbi a tsara muhalli. Har yanzu Baba bai ce ya ji daɗi ba, ni ma ban tambaye shi ba. Amma shi ya biya kuɗin takardar.