Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwasar Kuɗi?

Tambayar da nake so in jefa wa 'yan'uwana ɗalibai, da malamanmu in sun yi mini afuwa, ita ce: idan ɗalibi ya gano wani abu a ƙarƙashin malaminsa, abin nan na wane ne? Don kada wani ya tsargu, zan ɗauko misalina daga nesa, wato daga masu binciken ƙwaƙwalwa da raɗaɗin ciwo.

An daɗe da sanin cewa ofiyam, da mofin da ake tacewa daga cikinsa, suna kashe raɗaɗi, amma ba a san ta inda suke kama jiki ba. Masana sun yi zaton akwai wani gurbi a jijiyoyin ƙwaƙwalwa wanda maganin ke shiga, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo, sai dai nuna shi ya faskara. A shekarar 1973 wata ɗaliba mai neman digirin dakta a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Candace Pert, 'yar shekara 26, ta nuna gurbin nan a ƙwaƙwalwar ɓeraye, a ɗakin binciken malaminta Solomon Snyder. Mujallar Science ta buga aikin da sunanta a gaba, na malamin a baya. A wannan shekara Eric Simon a Amurka da Lars Terenius a Suwidin su ma sun gano shi, kowa ta tasa hanyar.

To, me zai sa a halicci kwaɗo a kan ɗan Adam saboda mabuɗin da ke cikin tsiro? Ashe jiki yana da nasa mabuɗin. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz, a garin Aberdeen na Sikotilan, suka tace wasu ƙananan sinadarai biyu daga ƙwaƙwalwar aladu, aka sa musu suna enkefalin, waɗanda jiki da kansa ke yi don rage wa kansa zogi. Da aka zo ba da kyautar Lasker a 1978, wadda da yawa daga masu cinta kan ci ta Nobel daga baya, sai aka ba Snyder da Hughes da Kosterlitz. Pert ta ƙi zuwa bikin, ta kuma rubuta takardar ƙorafi.

Haƙiƙa malami yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Ɗakin nasa ne, shi ya nemo kuɗin, shi ya san tambayar da ta cancanci a yi. Da aikin ya fito da kuskure, sunansa ne zai ɓaci, ba na yarinyar da ba wanda ya sani ba. Har ma Jocelyn Bell, ɗalibar da ta gano wani irin tauraro a Ingila a 1967 aka ba malaminta Nobel a 1974, ta goyi bayan wannan hujja, ta ga wanda zai ɗauki laifi shi ya cancanci yabo.

Amma ni a nawa ganin, hujjar nan abin da ta tabbatar shi ne malami ya shiga cikin yabon. Ba ta kai ga fitar da ɗalibi ba. Dubi makaɗin fada: in sarki ya yi masa kyauta yakan raba wa 'yan amshinsa, kuma duk abin da ya ba su ya ragu a aljihunsa. Shi kuwa suna ba haka yake ba. Da an ambaci Pert, me zai ragu daga darajar Snyder? Daɗin daɗawa, Hughes ma yaron Kosterlitz ne a wurin aiki, tsohon ya girme shi da kusan shekara 40, amma aka jera su tare. Bambancin da na gani biyu ne: shi ya riga ya gama digirinsa, ita kuwa ɗaliba ce lokacin aikin, kuma mace. Ko wanne ne ya yi tasiri daga cikinsu, ba shi da alaƙa da wanda ya yi aikin.

Akwai kuma wani abu da Pert ta faɗa a littafinta na 1997, cewa malamin ya umurce ta da ta bar binciken saboda ya ƙi ci, ita kuwa ta ci gaba a ɓoye har ya yi. Wannan bakin mutum ɗaya ne, a riƙe shi a haka. Idan kuwa gaskiya ne, to rashin biyayyarta ne ya jawo wa malamin kyautar, kuma nan ne maganar ta fi yi mana nauyi mu da aka rena a kan cewa albarkar karatu tana ga bin malam. Ba na musun albarkar. Abin da nake musu shi ne a mayar da ladabi ya zama sayar da gumi, har ɗalibin da ya yi wata guda a ƙauye yana naɗo waƙoƙi a rikoda ya tsinci kansa a layi ɗaya na godiya, in ma an tuna da shi.

Pert ta ci gaba da binciken sinadaran ƙwaƙwalwa a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, ta rasu a 2013. Har yau ba a ba kowa Nobel ba a kan gano gurbin nan.